Kalmar da Na Ɗora wa Sabi'u

Yau kwana tara ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin kamar da gaske, ya yi cida, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta taso ta watsa shi ta bar mu da gumi. Jiya da la'asar ina zaune a barandar gidan ɗana a nan Malali cikin Kaduna, daga ni sai singileti, ina fifita da murfin kwali, sai ga jikata Ummi da waya a hannu. Wai takardar neman aiki ta rubuta, in duba mata, tunda an ce kakanta tsohon akawu ne. Na sa tabarau na karanta. Turancinta gajere ne, ba ado, kuma akwai wuri biyu da hannuna ya yi ƙaiƙayi in gyara. Na miƙa mata wayarta na ce ta aika haka nan.

"Kaka, ko waƙafi ba za ka taɓa ba? Ko dai idon ne ya tafi?"

"Idona ƙalau, amarya. Hannuna ne ban yarda da shi ba."

Ta yi dariya ta shige, tana cewa tsufa ya zo da rowa. Ni kuwa wannan zafin da wannan hadarin marar alkawari suka mayar da ni Unguwar Shanu, tsakiyar shekarun tamanin, shekarar da azumi ya faɗo a bakin damina ruwa kuma ya ƙi sauka.

Shekara goma sha tara na yi ina akawu a wani ofis, ina buga wasiƙu a tafireta. Rannan na je aiki da safe na ga an liƙa takarda a allo, sunana na bakwai a jerin waɗanda aka sallama. Na dawo gida tun kafin azahar, ba abin da na fito da shi daga ofishin nan sai jan biro guda biyu da kai cike da kalmomin buɗe wasiƙa. Ɗaki biyu muke haya, ni da matata Hajara da yara huɗu. Lokacin ne ake kwana biyu ana layin madara da sabulu, in layi ya zo kanka a ce kaya sun ƙare. Shinkafa sai dai labari. Wata jar masara ce ta cika kasuwa, tuwonta in ya huce sai ka ce bulo, ita muke ci da miyar kuka ba nama, mu yi hamdala.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan ruwa. Famfon layinmu ya ƙafe tun kafin a ga wata. Rijiyar masallaci sai an ƙara wa guga igiya, abin da za ta ɗebo kuma rabi laka ne, sai an bar shi ya kwanta. 'Yan garuwa suka zama manyan mutane, sai ka roƙe su. Da hantsi kwanon ɗaki zai fara ƙara, ƙas, ƙas, yana miƙewa da zafi. Zuwa azahar ko tabarma ba ta kwantuwa. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya. Hajara takan jiƙa zani guda ta rufa wa ƙaramin, in ya bushe ta matse tsumman wanke-wanke a kai, don ruwan ba na zubarwa ba ne. Ruwan da aka wanke masara da shi, shi za a wanke kwano, shi kuma za a yayyafa a tsakar gida.

Ni kuwa ina zaune ina huci, kowa ya gifta in same shi da faɗa. Hajara ce ta gaji.

"Malam, zaman nan ba zai kai ka Sallah ba. Ga samari nan da 'yan mata cike da unguwa, sun gama makaranta, ko takardar neman aiki ba su iya rubutawa ba. Ka koya musu mana."

"Da me iyayensu za su biya ni? Da jar masara?"

"Da ruwa. Kowa bokiti ɗaya, kullum."

Wallahi na ɗauka ba'a take yi. Amma cikin mako guda sai ga ni da ɗalibai goma sha ɗaya, a rumfar wani kafinta da ya rufe saboda ba aiki. Ga yadda kwanakin suke tafiya. Ana idar da sallar asuba yaran za su bazu neman ruwa, wasu har Unguwar Dosa, inda wani mai gida yake da rijiya mai kyau kuma ba ya hanawa. Kafin rana ta ɗaga za ka ji ƙarar bokitai a ƙofar gidanmu, Hajara tana tsaye tana tace kowanne da ƙyalle cikin randa da duro. Rabin ruwan ma maƙwabta yake tafiya, don ba ta iya ganin tsohuwa da buta ba komai. Sai mu tafi rumfa. Mu share, mu jera katakan da kafinta ya bari, kowa ya ɗora takarda a gwiwa. Daga hantsi zuwa kiran azahar muna ciki, leɓe a bushe, ba mai ɓata yawu sai da dalili. Bayan la'asar 'yan matan kan dawo su taya Hajara daka da tace kunun tsamiya, samarin su faskara itace, kowa ya koma gida kafin a sha ruwa.

Na koya musu takardar neman aiki, da takardar koke, da yadda ake rubuta bayanin taro, da yadda mutum zai tsara jawabi kafin ya miƙe gaban jama'a. Nakan ce musu duk ƙungiyar da suka shiga su nemi sakatare, kada su yi rububin kujerar shugaba, domin abin da mai biro ya rubuta shi ne abin da taro ya ce. Wannan har gobe ina kan bakana. Amma akwai dokata ta farko, wadda na fi ji da ita: ba a gaishe da ofis. Duk wanda ya fara mini da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, sai jan biro ya ratsa ta. Ofis ba surukinka ba ne, nake ce musu. Ofis Turanci yake ji, kuma Turancin ma mai nauyi, wanda in an karanta za a san ba ɗan tasha ne ya rubuta ba.

A cikinsu akwai Sabi'u, ɗan shekara goma sha bakwai, dogo siriri, wuyansa kamar na tulu. Ubansa Malam Lawal Bakatsine ne, direban babbar mota, suna haya a bayan layinmu. Turancin Sabi'u daidai gwargwado ne, yana rarrafawa. Amma in ya kama biro da Hausa, kai! Sai ka ga abin da yake faɗa tsaye a gabanka. Shi ne sakataren ƙungiyar samarin layinmu, kuma a goman farko na azumin nan ya rubuta wa ofishin ruwa takarda a madadinsu, bai nuna mini ba sai bayan ya kai. Na karɓi kwafin ina shirin yin faɗa. Har yau ina iya kawo ta da ka:

"Ranka ya daɗe, muna gaisuwa, muna yi maka barka da shan ruwa, in kai ka samu. Famfon layinmu gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Jiya tsohuwar da ke gidanmu ta yi taimama ta yi sallar azahar. Ba tafiya take yi ba, ba ciwo take yi ba, tana zaune ne a Kaduna, garin da aka sa wa suna saboda kogi."

Kwana huɗu da kai takardar sai ga tankar ruwa ta shigo layinmu tana hon. Ranar an yi guɗa a Unguwar Shanu kamar an kawo amarya. Dattawa suka riƙa kiran Sabi'u suna shi masa albarka. Ya zo rumfa washegari yana sunkuyar da kai, yana jira in ce wani abu. Me na ce? Na ce sa'a ce ya taka, kuma kada ya ƙara gaishe da ofis. Na ji daɗi a raina, ba zan yi ƙarya ba, amma abin da ya fi daɗin yawa shi ne haushi. Shekara goma sha tara ina buga wasiƙa, ban taɓa rubuta wadda ta kawo ko cokalin ruwa ba.

Ana cikin goma ta tsakiya aka yi sanarwa a rediyo. Wata hukuma mai aikin wayar da kan manoma tana neman matashi ɗaya daga wannan ɓangaren kogi, za ta horar da shi ya zama marubucinta, da albashi, da hanyar ƙarin karatu. Mai so ya rubuta takarda da hannunsa, ya faɗi dalilin da ya sa yake ganin ya dace. Gurbi ɗaya tak, a shekarar da ake korar masu aiki.

Da yammar ranar Malam Lawal ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Mutum ne mai jiki, amma da zai zauna a benci sai da ya dafa bango, bayansa ya riga ya lalace da hanya.

"Malam, ni ban yi boko ba, kai ka san kanta. Shekara talatin ina bisa titi, idona ya hwara ba ni tsoro. Abu guda nike roƙon Allah, kada yaron nan ya gaji kujerata. Ka tsaya mashi, don Allah. Na damƙa maka shi."

"Ka kwantar da hankalinka, Malam Lawal. In dai takarda ce, an gama."

Haka na faɗa, har da buga ƙirji.

Bayan kwana biyu Sabi'u ya kawo abin da ya rubuta, shafi ɗaya da rabi, da Hausa. Ya fara da gaisuwa, ka ji taurin kai. Sannan ya ba da labarin kakansa a wani ƙauye a ƙasar Katsina, wanda ya yi shukar gero sau uku a damina ɗaya, rana tana ƙone ta. An aiko musu da takardar bayanin wani iri mai saurin nuna, da Turanci, ba wanda ya iya karantawa a garin, sai mai shayi ya riƙa ƙunshe sukari da ita. Ya rufe da cewa shi abin da yake so ya rubuta takardar da kakansa zai sa a karanta masa sau ɗaya ya gane. Na karanta ta har ƙarshe. Na san ta yi kyau. Na sani sarai. Amma na zaro jan biro na ja mata layi tun daga kusurwar sama har ƙasa, a gaban sauran yara.

"Wannan tatsuniya ce ko takardar neman aiki? Mai shayi! Sukari! Ofis za ka aika wa ko kakarka?"

Aka yi dariya. Na ninke takardar na sa a aljihuna, na zauna na rubuta masa tawa, da Turanci, irin wadda na saba bugawa, kowace jimla da rawaninta. Na ce ya kwafa da hannunsa, tunda da hannunsa aka ce. Sau huɗu yana kwafa, don gumi yana ɗiga daga haɓarsa ya ɓata tawada, ni kuma in ce a sake. A karo na uku ya ɗago kai, ya sa yatsa a layin farko.

"Malam, wannan kalmar fa, indaljans, me take nufi?"

"Kai dai kwafa! Haka ake buɗe takarda. Ka fi waɗanda suka kawo Turancin sani ne?"

Ya mayar da kai ya ci gaba. Tsawar nan da na daka masa ba ta komai ba ce sai ta tsoro. Ban san ma'anarta ba. Na tarar da ita a fayil ranar da na fara aiki, a bakin kowace wasiƙa da ƙarami ya rubuta wa babba, na ɗauke ta na yi ta bugawa shekara goma sha tara, ban taɓa tambayar kowa ba don kada a ce akawu bai sani ba.

Akwai wata yarinya a ajin, Binta, daga Unguwar Dosa take zuwa, ba ta da magana, kullum tana can ƙarshen katako. Ita ma ta kawo tata takardar in duba. Na ce ta ajiye a nan. Kwana uku tana ajiye ƙarƙashin dutsen da nake danne takardu, ban ko buɗe ba, don hankalina duk yana kan ɗan takarata. Ranar da za a rufe karɓa ta zo ta ɗauki abarta shiru, ta kai yadda take.

An kira Sabi'u da Binta ganawa, ranar ashirin da uku ga azumi. A makon nan an fita roƙon ruwa har sau biyu. Sabi'u ya ari farar riga wajen wani maƙwabci, Hajara ta goge masa ita da dutsen guga na gawayi, ta ba shi ruwa rabin bokiti ya yi wanka, wanda a lokacin kyauta ce babba. Na raka shi bakin titi ina ce masa ya tsaya da kyau, kada ya sosa kai.

Wajen la'asar gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Sai wata iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa, kafin ka ce me ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta rikice. Kowa ya fito da abin da yake da shi, bokiti, baho, tukunya, har kwanon tuwo, ana tarawa a bakin indararo. Yara suna tsalle tsirara, tsofaffi suna ɗaga hannu suna hamdala, masu azumi suna tsaye a ciki suna rufe baki kada ɗigo ya shiga. Ina tsaye a zaure ina dariya, sai na hango Sabi'u yana tahowa a tsakiyar layi, ba ya sauri, farar rigar aron nan ta manne masa a jiki. Na ƙwala masa kira. Ya wuce ƙofarmu bai waiwayo ba.

Binta ce ta ba ni labari, tana tsaye a zauren tana ɗigar da ruwa, idonta a ƙasa. Ta ce mutum uku ne a bayan tebur, babbansu wani dattijo mai farin gemu. Tagar ɗakin a buɗe take saboda zafi, masu jira suna kan benci a waje suna jin komai, kuma akwai samarin unguwarmu a cikinsu. Dattijon ya ɗaga takardar ya dubi Sabi'u.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni na rubuta, ranka ya daɗe."

"Ba wanda ya tsara maka?"

"Babu."

"Kana azumi?"

"Ina yi."

"To, madalla. Mece ce indaljans?"

Binta ta ce shirun da aka yi har ana jin ƙarar fanka. Sai wani shaƙiyyi a kan benci ya ce a hankali, "Inda aljan yake," benci ya kwashe da dariya. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ajiye takardar ya ce, "Yaro, mu mai rubuta wa manoma muke nema, da Hausar da za su ji. Rashin Turanci ba laifi ba ne a wurinmu. Ƙarya ce ba ma ɗauka."

"Ke fa?" na tambaye ta.

"Sun ce in zo bayan Sallah, Malam. Da Hausa na rubuta. Ka yi haƙuri, na san ka hana."

Ita ke ba ni haƙuri! Na jingina da bango. Yaron nan da bakinsa na azumi ya yi ƙarya sau biyu, ba don kansa ba, don kada ya ce malaminsa ne. Ranar na sha ruwa da kunu ban san ɗanɗanonsa ba.

Da safe Hajara ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa.

"Takardarsa ta Hausa tana aljihunka, na gani da zan yi wanki. Ka kai wa mutanen nan, ka ce kai ne. Ko ba su ɗauke shi ba, su san ba maƙaryaci ba ne."

Na sa babbar riga na fita. Gari ya yi luf, ƙasa ta jiƙe, kwata tana gudu. Na shiga mota, na sauka, na taka har ƙofar ofishin, ina ganin tagar da aka ce. Sai na ji a raina dattijon nan yana ɗaga takardar yana ce mini, to kai Malam Akawu, mece ce indaljans? Na kasa shiga. Na tsaya gindin wata bishiyar mangwaro har rana ta take, sannan na juyo gida na ce wa Hajara ban same su ba. Ta dube ni, ta ɗauke takalman. Kuskuren jan biro zan iya cewa rashin sani ne. Wannan juyowar ba ni da abin da zan kira ta sai tsoro, kuma ita ce take hana ni sakewa har yau.

Da na dawo na tarar da bokiti cike da ruwa a ƙofar gida, alhali duro da randa duk sun cika sun tumbatsa da ruwan sama. Hajara ta ce Sabi'u ne ya kawo, ya ajiye, ya gaishe ta, ya tafi. Bai ƙara zuwa rumfa ba. Sauran ma da ruwa ya wadata sai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka tura su ƙauye noma, kafin Sallah makaranta ta mutu. Malam Lawal ya zo, na shirya jin zagi, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, Allah bai nuhwa ba. Ka yi iyakar yinka, mun gode. Yaron ne kanshi bai ɗauka ba."

Ashe ko a gida bai faɗa ba. Na ce, "Haka ne, sai haƙuri." Da bakina na faɗi haka.

Bayan Sallah Sabi'u ya bi motar ubansa. Sunan kuwa ya bi shi, Indaljan, tun yara suna faɗa a ɓoye har manya suka ɗauka, har aka manta da na yanka. Ƙungiyar samari ta zaɓi wani sakataren. Binta ta yi gaba, na riƙa jin sunanta a rediyo, daga baya har ta shugabanci sashen, kuma duk inda ta gan ni sai ta durƙusa ta ce ni ne malaminta. Ni kuwa a cikin daminar nan na je wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, na buɗe ƙamus a tsaye kamar ɓarawo, na duba kalmar, na rufe. Na samu wani aikin, muka bar Unguwar Shanu. In na hango babbar mota a layin su Malam Lawal sai in canza hanya.

Shekara goma sha uku bayan haka, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina tsaye a bakin titi a Kawo ina jiran mota, sai wata bas ta tsaya a gabana. A gilashin bayanta an rubuta da jan fenti, manyan baƙaƙe: INDALJAN. Kafin in ja da baya direban ya leƙo.

"Malam! Malam Akawu! Shigo gaba, don Allah."

Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu, wuyan dai yana nan. Ya tambayi Hajara da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya ce mahaifinsa ya rasu shekara huɗu da suka wuce, shi ma yanzu 'ya'yansa uku. Na yi masa ta'aziyya. Yana tuƙi, yaron motarsa yana kiran fasinja. Sai ya yi 'yar dariya.

"Malam, ka ga sunan ya zauna. Da na ga ba zai tafi ba sai na sa aka rubuta. Amma ka san wani abu? Har yau ban san ma'anarta ba. Kunya nake ji in tambayi wani. Don Allah me take nufi?"

Na dubi titi. Na ce, "Afuwa. Mutum ya ƙasƙantar da kansa ya roƙi a yi masa afuwa."

"Ikon Allah! Ashe roƙon afuwa nake yawo da shi a bayan mota."

"Ba kai ya kamata ka yi yawo da shi ba, Sabi'u. Ranar da ka tambaye ni, ni ma ban sani ba. Kuma na je ƙofar ofishin nan da takardarka a aljihu, na kasa shiga. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da tuƙi har muka wuce tasha biyu. Wata mata a baya tana ta cewa akwai sauka, bai ji ba sai da yaron mota ya buga ƙofa. Ya tsaya, ya goge fuska da hularsa.

"Haba Malam, wannan ai ya wuce. Na yafe duniya da lahira. Amma takardar nan, wadda na yi da Hausa, tana nan?"

Tana nan. Tana cikin akwatina, tare da takardar sallamata daga aiki. Washegari da hantsi na kai masa ita tasha, ta yi ruwan ƙasa, ta kusa rabewa a wajen ninki, jan layina yana kwance a kanta daga sama har ƙasa. Ya zauna a kan bencin mai shayi ya buɗe ta a hankali. Ya ce rabonsa da rubuta abin da ya wuce lambar mota tun waccan shekarar. Ya bi ta da yatsa layi-layi, leɓensa yana motsi, ya tsallake jan biron kamar ba ya wurin. Da ya kai ƙarshe ya koma farko ya sake. Ana ta kiransa mota ta cika, bai tashi ba. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, sai mamaki.

"Malam," ya ce, "ashe na iya."